Yadda Ake Gwada Furosesa Mai Ƙwayoyi Da Yawa Kafin A Ba Ta Aikin Da Ba Ya Jira

Jirgi mara matuƙi, irin wanda matasa ke koyon sarrafawa a cibiyar NCAIR da ke Wuye a Abuja, ba ya lamuntar jinkiri. In an tsara furosesarsa ta daidaita farfela sau 1,000 a daƙiƙa, kowane lissafi milisakan 1 ne wa'adinsa. Amsar da ta zo a makare, ko daidai ce, ta riga ta zama banza.

Saboda haka tun kafin a kunna komai, a rubuta wa'adin kowane aiki a takarda. Sannan a ɗauko allon, a ce Raspberry Pi 4 mai ƙwaya 4, a ɗora masa Linux mai PREEMPT_RT, gyaran da ke rage jinkirin amsawa. A kunna cyclictest, manhajar da ke neman a tashe ta a ƙayyadadden lokaci, ta kuma rubuta mikirosakan nawa aka makara. Awon farko na allo ne da ba ya aikin komai. Yawanci yana fitowa da kyau, kada ya ruɗe ka.

Ainihin gwajin shi ne na cunkoso. Ƙwayoyin nan huɗu ma'ajiyar kusa ɗaya suke rabawa, hanyarsu zuwa RAM ma ɗaya ce, kamar gidan haya mai famfo guda: in maƙwabci ya kafa bokiti, dole ka jira. Don haka a bar cyclictest a ƙwaya ɗaya, a saki stress-ng, manhajar da ke ɗora wa furosesa nauyi, a kan sauran ƙwayoyi uku, a riƙa kwafar manyan fayiloli, a cika layin sadarwa da saƙonni. A bar gwajin ya kwana ya wuni, domin mugun jinkiri kan ɓuya na awanni kafin ya fito sau ɗaya.

Sai zafi, wanda mu a nan ba mu da damar mantawa da shi. A rufe allon cikin akwatinsa, a ajiye shi a zafin ranar watan Maris ta Abuja. Da ya doshi digiri 80 zai rage gudu da kansa, lissafin da aka yi a ɗaki mai sanyi ya rushe.

Wajen karanta sakamako, a tsallake matsakaicin jinkiri, a nemi mafi muni. In ya ci fiye da abin da wa'adi zai ɗauka, a keɓe wa aikin ƙwaya guda da saitin isolcpus na Linux, a kwashe katsalandan ɗin sauran na'urori zuwa wata ƙwayar, a sake gwajin daga farko, da cunkoson da zafin duka.