Fi'ili Da Wutsiyarsa: Darasin Turanci Daga Obalende

Ya 'yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu in za su koyi Turanci sai su ɗauki ƙamus, su yi ta haddace kalmomi ɗai ɗai. Wannan hanya tana da aibi babba. Bari mu leƙa Obalende in nuna muku shi.

Obalende unguwa ce a Ikko, daura da Ikoyi. Hausawa sun daɗe a wannan birni. Tun 1863 Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a can, kuma bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fataken goro da na shanu suka yawaita a Agege. A gefen Obalende Barikin Dodan yake, inda shugabannin soja suka zauna kafin a mai da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991. Akwai babbar tashar mota, ga masu tsire. Baƙon da ya sauka nan, in ba ya jin Yarbanci, tilas ya yi Turanci.

To, a ce ga yaro ya zo daga Katsina yana taya wansa sai da tsire. Ya haddace cewa put shi ne ajiye, out kuwa waje. Dare ya yi, maigidan da suke haya ya ce masa, "Put out the fire." Sai yaro ya kwashi garwashi ya ajiye a ƙofar gida, inda yara ke wucewa. Alhali kuwa cewa aka yi ya kashe wutar. Kalmomin duka biyu ya san su, amma da suka haɗu sai suka haifi wata ma'ana dabam.

Kada wannan ya ba ku mamaki, gama Hausa ma haka take. Baturen da aka koya wa cewa ci shi ne tauna da haɗiya, me zai gane in ya ji an ce cin kasuwa, ko cin amana, ko cin jarrabawa? A Turanci wata 'yar kalma ce ke bin fi'ili kamar wutsiya, ita ke juya ma'anarsa. Ga misalai:

Get on the bus. Shiga mota.
Get off at Obalende. Sauka a Obalende.
I am looking for my load. Ina neman kayana.
Look after my load. Kula mini da kayana.
Look out! Yi hattara!
Put on your cap. Sa hularka.
They put off the journey. Sun ɗaga tafiyar.

Ku lura da abu biyu. Na fari, in it ce ta tsaya a madadin sunan abin, tsakiya take shiga a cikin irin su put out da put on. Sai a ce "Put it out," ba "Put out it" ba. Na biyu, ba duk abin da kunne ya ji a tasha ake rubutawa ba. Za ku ji ana cewa "Off the light," ko "I will drop here." Kowa zai gane, amma a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, kuskure ne. Daidai shi ne "Switch off the light," da "I will get off here."

Saboda haka ga shawara. Kowa ya nemi ɗan littafi. In ya gamu da sabon fi'ili, kada ya rubuta shi tsirara, ya rubuta jimlar da ya same shi a ciki dukanta. Sa'an nan ya ƙirƙiro tasa jimla a kan abin da ya sani, ya faɗe ta da baki ga abokinsa. Uku a rana sun isa. Ku fara yau da take off, da give up, da run out of.

Gobe mu ne za mu tsaya gaban aji. Kuskuren da malami ya rubuta a allo, yara arba'in ne za su kwafe shi su kai gida, ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu sa'a, amin.