Littafin magaza

Ƴan'uwa na Damargu, bankin cimaka yakan ƙare hatsi a tsakiyar damana, lokacin da rumbu ba kome. Sau da yawa kuɗi na nan cikin akwati, saye ne ba a aika da wuri ba.

Mai tsaron magaza ya raba shafi gida uku: abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage. Ya rubuta a ranar, kada ya ce sai gobe.

Ga misali. Garinmu na sayen tiya 80 kullum, wato buhu 2. Daga aika wa ɗan kasuwa na Bakin Birji ko Tanut har mota ta sauke kaya, a ce kwana 7. In ruwa ya ɓata hanya, a ƙara kwana 3. Kwana 10 ke nan, buhu 20. To, ranar da littafi ya nuna saura buhu 20, ranar za a aika. A faɗa wa ɗan kasuwa yawan buhu da ranar biya, shi ma ya shirya.

Lissafi: wani ƙauyen Belbeji na sayen buhu 3 kullum. Saura buhu nawa za su aika?