Amsoshin Tambayoyinku: Masu Fita Kallon Tsuntsaye da Hunturu

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa ya ce: wai da gaske ne a Ingila mutane kan yi ƙungiya su fita cikin tsananin sanyi don kallon tsuntsaye kawai?

To Malam, gaskiya ne. Akwai fadamar Slimbridge a bakin kogin Severn, wadda wani mai suna Peter Scott ya keɓe wa tsuntsayen ruwa a 1946. Da hunturu ya kama, agwagin daji da wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya kan iso daga arewacin Rasha, suna gudun ƙanƙara. Masu kallo kan ɓuya a bukkokin katako masu 'yan tagogi, da madubin hangen nesa a hannu, su ƙirga su rubuta. Abin mamaki, kowane farin tsuntsun nan ana gane shi da zanen rawaya da baƙi na bakinsa, har suna ake raɗa masa. Ba zaman banza ba ne, da wannan ƙidayar ake sanin irin da ke raguwa.

Kai kuwa ba sai ka nemi biza ba. Dagona na nan kusa da ku a ƙasar Bade, cikin fadamar Hadejia da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka kowace shekara. Ka leƙa da sassafe, tsakanin Disamba da Fabrairu.