Darasi: Salama a Shekarar da Rumbu Ba Hatsi

Karatu: Habakuk 3:17-19, Luka 13:1-5, Filibiyawa 4:6-7

A daminar 2022 kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya cinye gonakin shinkafa, gero da riɗi a Ringim, Taura, Miga, Kafin Hausa da Auyo, gidajen ƙasa suka zube. An ga irin wannan a 2010. Wasu iyalai har yanzu bashin wannan shekarar suke biya. Tambayar da ta fi ci wa mai bi rai bayan irin wannan asara ita ce: me na yi wa Allah?

Yesu ya amsa ta a Luka 13. An ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Sau biyu ya ce ba don sun fi sauran mutane zunubi ba ne. Tuba ya kira kowa, da wanda abin ya shafa da wanda ya tsira. Saboda haka mai wa'azin da ya ce ruwa ya ci gonar wane don bai ba da zakka ba, aikin abokan Ayuba yake yi, kuma mun san yadda Allah ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Ruwa kwari yake bi. Gonar fasto da ta liman duk ɗaya ne a wurinsa.

Habakuk ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Kaldiyawa ke shirin afka wa Yahuza. Ku lura, bai ɓoye asarar ba. Ya ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya kamar manomi: ɓaure, inabi, zaitun, amfanin gona, tumaki, shanu. Sai da ya gama lissafi ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Kafin nan ma, a sura ta fari, gardama ya yi da Allah da kuka. A ganina, wanda ke hana gwauruwa kuka a majami'a da sunan bangaskiya bai karanta annabin nan sosai ba.

Haka Bulus ya rubuta wa Filibiyawa zancen salama yana ɗaure. Ke nan salamar nan ba ta jiran a buɗe ƙofar kurkuku, ko ruwa ya janye. Ikkilisiya a Dutse ta ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2006, da aka ƙone majami'u da dama a garin. Masu bi ba su daina sujada ba don gini ya ƙone.

Amfanin kwanciyar rai a fili yake. Mai firgita shi ke sayar da gonar gado da araha, ko ya ci irin shuka, ko ya fitar da 'yarsa daga makaranta. Wanda zuciyarsa ta natsu yakan iya jira, ya nemi shawarar dattawa, ya shiga adashin zumuntar mata ko rumbun tsimi na ikkilisiya, ya gwada noman rani inda ruwa ya bar laima.

A ƙungiyarku ta nazari wannan mako, ku lissafa gidajen da rumbunsu ba zai kai su sabon hatsi ba, har da maƙwabtanmu Musulmi. Wa zai ziyarce su, da mudu nawa, kuma wace rana?