Farin Soso Ba Ya Shiga Rufin Gida

Da bazarar bana wani Alhaji ya kira ni in duba gidan da ya gina wa iyalinsa a bayan gari. Rufin kwano ne mai launin duhu, silin ɗin PVC, kuma da rana ɗakunan ba sa zaunuwa. Na hau na duba, babu ko kafa ɗaya da iska za ta fita daga cikin rufin. A zafin Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40, irin wannan kwano yakan wuce 60. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a fasa tagogin iska a ɓangarori biyu, a sa musu raga saboda jemagu, a gyara wayarin, sannan a shimfiɗa audugar dutse mai kaurin milimita 50 zuwa 100." Na rubuta masa lissafi. Ya ce zai yi shawara.

Ashe da wani yaron kafinta ya yi shawarar. Yaron ya ce masa farin soso, irin wanda ake tokare firiji da shi a kwali, zai yi wannan aiki da kuɗi kaɗan. Suka jibge shi a kan wayoyin wuta, wayoyin da ba sa cikin bututu, mahaɗarsu kuma naɗin salatef ne kawai. Duk wanda ya san aikin nan ya san soson yana hana waya shan iska, kuma yana tsotse abin da ke sa robarta taushi, har ta bushe ta tsattsage. Shi yaron ina ya sani? Wa ya koya masa?

Wata rana cikin dare aka kawo wuta, ga hita a jone. Mahaɗa ɗaya ta yi tartsatsi. Soson ya kama, yana narkewa yana ɗigowa da wuta, silin ɗin roba ya biyo shi, baƙin hayaki ya cika ɗakin yara. Maƙwabta ne suka ɓalle taga kafin 'yan kwana-kwana su iso. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ƙaramar 'yar Alhajin ta daɗe a asibiti, hayaki ya taɓa mata ƙirji, ga ƙuna a kafaɗa. Da na je jaje, sai na ji ana ta cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci.

A Landan, a 2017, gobarar benen Grenfell ta ci rayuka 72, kuma kayan da aka lulluɓe bangon da su ne suka ruruta wutar. Can ke nan da ake da masu sa ido. Ina ga mu?

Jama'a, farin soso ba ya shiga rufin da wayar wuta ta ratsa. Audugar dutse ba ta kamawa da wuta, shi ya sa nake nacewa a kanta. Amma in rufi yana yoyo a fara toshe shi, domin jiƙaƙƙiyar auduga ba ta tare komai.

Masu son takardar nan mai sheƙi ta tare zafi, ku bar mata tazarar aƙalla inci ɗaya daga kwano, ɓangaren sheƙin ya dubi ƙasa. In ya dubi sama, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dusashe shi. Na gaji da ganin an manna ta jikin kwano an karɓi kuɗin mutane. Tsohon silin ɗin asbestos kuma kada a sa masa zarto, ƙurarsa na kawo cutar daji.

Na sake faɗa, banda farin soso a kan waya. A fara da mai wayarin, sannan iska, sannan abin tare zafi. Wanda bai iya gaya maka yadda kayansa ke yi in wuta ta taɓa su ba, kada ka bari ya hau rufin da 'ya'yanka ke kwana a ƙarƙashinsa.