Abin da Doka ta Ɗora wa Likitan Haƙori

Ciwon haƙori ba ya barin mutum ya yi shawara. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, in ya ga wani riƙe da awartaki a bakin kasuwa sai ya buɗe masa baki, ba ya tambayar daga bakin wa awartakin ya fito. To, a nan haɗarin yake. Da wuya a yi aikin haƙori ba a zub da jini ba, jini kuwa shi ne hanyar ciwon hanta iri biyu, wato B da C, da kuma cutar ƙanjamau. Ƙwayar ciwon hanta B tana iya yin kwana 7 da ranta cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, alhali ido yana ganin ƙarfen fes.

Abu na fari da doka ta duba shi ne wanda zai taɓa bakin. A Nijeriya tun 1963 aka kafa majalisar da ke kula da likitoci, wadda dokar 1988 ta mai da ita Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Bai halatta kowa ya kira kansa likitan haƙori ba sai sunansa yana cikin littafin rajistarta, kuma lalle ne ya sabunta lasin aikinsa kowace shekara. Wanda ya yi aiki ba rajista ya yi laifi, ana iya kai shi gaban shari'a. Likitan da ya yi sakaci kuma akwai kotun ladabtarwa mai ikon soke sunansa.

Amma takarda ba ta kashe ƙwayar cuta. Babban aikin yana can ɗakin baya, inda mai ciwo ba ya shiga. Duk ƙarfen da ya shiga baki sai an fara wanke shi sarai, domin in jini ya daskare a kansa zafi ba ya ratsawa. Sa'an nan a busar da shi, a sa cikin 'yar jaka ta musamman, a liƙe, a jera cikin tukunyar tururi. Wannan tukunya rufe take kam, tururi ba shi da mafita, saboda haka zafinta yakan kai digiri 121, a bar kaya ciki aƙalla minti 15, ko kuwa digiri 134 na minti 3. Mutane da yawa suna zaton tafasawa ta isa. Ba ta isa ba. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa a kan wuta, akwai kuwa waɗansu ƙwayoyin cuta masu sulke da ke jure wannan. Goge ƙarfe da auduga da ruwan magani ya fi wannan rauni. Har kan injin da ake ƙwaƙular haƙori da shi sai an cire an turara bayan kowane mutum, gama yakan zuƙi miyau da jini zuwa cikinsa.

A jikin kowace jaka akwai alama mai sake launi in zafi ya same ta. Ma'aikaci kuma yana rubuta kwanan wata da yawan zafi da mintoci cikin littafi duk lokacin da aka ɗora tukunya. Wani zai ce wannan ɓata takarda ne, amma tukunya takan lalace ba ta yi ƙara ba, littafin nan ne kaɗai zai nuna ranar da ta fara gazawa da waɗanda aka duba tun daga ranar.

Kada a ɗauka sakaci sai ƙasar da ba ta da wadata. A 2013, a birnin Tulsa na Amurka, masu bincike suka iske kayan aiki masu tsatsa a ɗakin wani likitan haƙori. Aka aika wa mutum wajen 7,000 su zo a gwada jininsu, aka kuma tabbatar ɗaya ya ɗauki ciwon hanta C a wurin.

Allura da safar hannu sau ɗaya ake aiki da su. Allurar da aka gama da ita ana jefa ta cikin akwati mai kauri wanda ba ta iya hudawa, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe, kada a jira ya cika. Ma'aikata su yi rigakafin ciwon hanta B, allura uku cikin wata 6. Wanda allura ta soke shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya faɗa nan take, domin maganin kare ƙanjamau sai an fara shi kafin awa 72.

Injin ɗaukar hoton haƙori yana da tasa doka, sai da lasin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Haka kuma farin ƙarfen nan da ake cike kogon haƙori da shi, kusan rabinsa zaiba ce, ragowarsa ba a zubawa a magudanar ruwa. A 2022 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a guji sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu ciki, da masu shayarwa, sai in likita ya ga ba makawa.

Mai ciwo yana da ikon ya nemi ganin lasin likita na shekarar da ake ciki, ya kuma roƙi a yage jakar kayan aiki a gabansa. In ya ga an ɗauko ƙarfe tsirara daga faranti, ya yi magana tun bai buɗe baki ba. In ba a saurare shi ba, ya tashi, ya kai ƙara Ma'aikatar Lafiya ta jiharsa ko ga majalisar likitoci.