Romon Kifi Da Kayan Lambu

Allah ya albarkaci ƙasarmu da kifi. Masunta suna kama shi a kogin Kwara da na Binuwai da Tafkin Chadi. A Argungu ma har bikin kamun kifi ake yi, wanda aka fara tun 1934. Akwai tarwaɗa, mai gashin baki da santsin jiki. Akwai karfasa, mai ɓawo. Akwai kuma giwan ruwa, wanda wani lokaci yakan fi mutum nauyi.

Kifi abinci ne mai gina jiki, ba ya kuwa nauyi a ciki. Saboda haka ya dace da cin dare, musamman ga tsofaffi da wanda ya tashi daga ciwo. Yau za mu koyi yadda ake dafa shi da kayan lambu.

Aikin farko a kasuwa yake. In an aike ku sayen ɗanyen kifi, ku dubi idonsa. Idon sabon kamu garau yake, bai faɗa ciki ba. Ku ɗaga marfin da ke gefen kansa, ku ga ko cikin ja ne. Sa'an nan ku danna jikinsa da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, ko kuka ji ɗoyi, ku bar shi ko da kyauta aka ba ku. Ruɓaɓɓen kifi yakan jawo amai da gudawa, wuta kuwa ba ta gyara shi.

Da isowa gida sai a gyara shi nan da nan, domin kifi ba ya jimirin zafi. In karfasa ce, a kankare ɓawon. In tarwaɗa ce, a zuba mata ruwan zafi kaɗan, santsin zai fita. A tsaga cikin a hankali, kada matsarmama ta fashe, don in ta fashe naman zai yi ɗaci. A yayyanka, a wanke da lemon tsami saboda ƙarni.

Ga kayan haɗi na mutum 4: karfasa 2, tumatir 4, albasa 1, attarugu 1, karas 2, alayyafo dami ɗaya, da citta da tafarnuwa da gishiri. A wanke kayan lambun sarai da ruwa mai tsabta, gama ruwan da ake ban ruwa da shi a lambu ba kullum yake da kyau ba.

A ɗora tukunya, a zuba man gyaɗa cokali 2. A soya albasa, kana a zuba jajjagen tumatir da attarugu. In sun soyu, a tsaida ruwa daidai, a sa gishiri da dakakkiyar citta da tafarnuwa. Karas ake fara sawa, domin ya fi tauri. Bayan ya ɗan yi laushi sai a jera kifin, a rage wuta, a rufe. Kada a juya da ludayi, kifin zai dagargaje. Girgiza tukunyar ake yi a hankali.

Kamar minti 15 ya isa. Alamar nuna ita ce naman ya yi fari har ciki, yana rabuwa da ƙaya. Alayyafo shi ne na ƙarshe. Minti 3 kaɗai yake bukata, a sauke shi yana kore shar. Ganyen da ya daɗe a wuta yakan rasa wani sashi na amfaninsa.

Ana shan romon haka nan, ko a haɗa da 'yar shinkafa ko dafaffen dankali. Amma ku tuna da ƙaya. Kafin ku ba ƙanenku kifi, ku murtsuke naman da yatsa, ku tsince ƙayar duka. In ƙaya ta maƙale wa wani a maƙogwaro, kada ku zura masa yatsa. Ku kira babba a kai shi asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu uku na sabon kifi.
2. Me ke faruwa in matsarmama ta fashe?
3. Don me ake sa karas kafin alayyafo?
4. Rubuta sunayen kifaye uku da ake sayarwa a kasuwar garinku.